Ranar da Na Sa Faifan Kawu a Bikin Dije

Ko da na so in manta da yammacin bikin Dije, mutanen Kusada ba za su bari ba, don haka na haƙura na yarda cewa ba zan taɓa mantawa da shi ba. Gara ma in ba da labarin da bakina, tunda masu ba da shi a madadina sun fara ƙara masa gishiri (wani cewa ya yi wai har suma na yi, ban suma ba, amma a lokacin na so a ce na suma ɗin).

Ni malamin makaranta ne a Kankia, labarin ƙasa nake koyarwa. Wannan aikin yana da wata cuta da ba a faɗa wa mutum: in ka shekara goma kana nuna wa ɗalibai ƙasashen duniya a taswira da sanda, sai ka fara ji a ranka kamar duk ka je su. Ni kuwa iyakar tafiyata Kaduna, ita ma sau biyu.

Wanda ya ga duniya da idonsa a danginmu shi ne Kawu Sani, yayan mahaifiyata. Direban babbar mota ne a zamaninsa, yana ɗaukar wake da albasa ya bi ta Maraɗi, ya gangara har Kwatano da Lome. Ina aji uku na sakandare ya rasu, ya bar matarsa Inna Rabi da 'ya'ya, autarsu Dije tana 'yar shekara uku. Tun daga nan ɗakinsa yake rufe, sai dai Inna ta shiga ta share ta fito.

Da daminar bara rufin ɗakin ya fara yoyo, Inna ta aiko in zo in taya ta fitar da kaya. A ƙarƙashin gado na jawo wata akwatin ƙarfe, a cikinta akwai tsohon garmaho da fayafai. Zafi ya lanƙwasa yawancinsu, wasu sun tsage, amma akwai guda ɗaya babba da aka naɗe cikin tsohon zane, shi ko ƙwarzane babu. Kwalinsa ne dai gara ta cinye samansa, ta tafi da sunan ƙungiyar da sunan faifan gaba ɗaya. Abin da ya saura hoton maza takwas ne cikin kwat iri ɗaya masu faɗin wuya, wasu riƙe da ƙahonin busa na ƙarfe, ɗaya ya matse dogayen ganguna tsakanin gwiwoyinsa, ɗaya kuma ya rungumi wata ƙatuwar goge mai tsayin mutum. A ƙasan hoton kalma ɗaya ce ta tsira: salsa. Na roƙi Inna ta ara mini, ta ce in ɗauka amma in riƙe da amana.

Na kai garmahon wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Kankia. Kwana huɗu ya tashe shi, ya gwada shi da wani ɗan ƙaramin faifai da yake da shi a shago. Da na je karɓa sai ya nuna mini wani ɗan maɓalli a gefe da ake turawa hagu ko dama, hagu an rubuta 33, dama 45, ya fara yi mini bayani. Na katse shi da “Na sani, Baba, na sani.” (Ban sani ba. Na dai ga lambobi biyu, na ga maɓallin yana kan babbar, na yanke wa kaina hukuncin cewa ƙarfin sauti ne, kuma babbar lamba ai ita ta fi.) Dattijon ya dube ni, ya miƙo mini garmahon.

Ranar da na fara ɗora allura a kan faifan, sai da na miƙe tsaye. Kiɗa ne mai gudu kamar ruwan sama a kan kwano, ganguna na tsere da ƙahoni, fiyano na bin su a guje. Can sai ga muryar mace, siririya, mai kaifi, tana haurawa sama kamar ba ta numfashi, wasu 'yan mata na yi mata amshi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, da Sifananci take yi, amma nan take na kamu. Tunda ban san sunanta ba, sai na raɗa mata Gimbiya.

Na gwada manhajar nan ta waya mai gane waƙa, sau uku tana ce mini ba ta san wannan ba. Mai hankali zai yi tunanin ko akwai abin da ba daidai ba. Ni kuwa murna na yi, na ce ashe faifan nan ya kai tsufa da daraja har intanet ba ta da labarinsa. Na yi kwana biyu ina karance-karance a waya, na san cewa asalin kiɗan daga Kyuba da tsibiran da ke kusa da ita ya fito, cewa jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka riƙe gangunansa, cewa a manyan biranen Amurka aka raɗa masa wannan suna. A rana ta uku na shiga ofishin malamai a matsayin masanin salsa na duk ƙasar Katsina.

Wata uku abokan aikina suka yi suna shan wahalata. Na ɗauki waƙoƙin a waya ina kunna musu lokacin hutu, ina nuna musu inda Gimbiya ke karya murya. Malamin lissafi ya karɓi kwalin ya duba, ya tambaye ni ina macen take a hoton, shi maza takwas yake gani. Ko gezau ban yi ba, na ce masa manyan zabiyoyin wancan zamani suna da kunya, ba sa yarda a ɗauke su hoto cikin maza. (Wallahi a lokacin na ƙirƙiro, kuma kafin a tashi makaranta ni ma na yarda da abina.) Matata kuwa cewa ta yi ita kiɗan yana yi mata kama da mutanen da aka biyo. Na ce mata kunne sai an horar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai a duk labarin ba a gaban jama'a ya faru ba. Wata Asabar na ɗauki garmahon na tafi Kusada don in faranta wa Inna rai. Na same ta a inuwar darbejiya tana tsintar wake a faranti. Na jona, na ɗora allura, na koma gefe ina jiran hawaye. Ko minti ɗaya ba ta saurara ba ta ɗago kai.

“Wanga ba shi ba ne,” in ji ta. “Na Malam ba ya gaggawa haka.”

Malam take ce wa marigayin, ba ta faɗin sunansa. Maimakon in tambaye ta yadda nasa yake, sai na gyara zama na yi mata darasi. Na ce mata shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce, ƙwaƙwalwa takan sauya wa mutum abin da ya ji. Na ce ita salsa haka take, gudu shi ne ranta. Har da cewa sai wanda ya karanta tarihin abin yake iya gane shi. Ta dube ni, ta ce “To,” ta ci gaba da tsintar wakenta. Na koma Kankia ina tausayin tsofaffi.

Bayan girbi aka sa bikin Dije da wani saurayi ɗan Dudunni. Ita da kanta ta kira ni, ta ce ta ji an ce an tayar da garmahon babanta, tana so a sa faifan ranar walima. Ta ce ba ta tuna fuskarsa sai a hoto, ba ta tuna muryarsa ko kaɗan, ko ba komai ta ji abin da yake so. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, har ɗan jawabi zan yi. (Ba ta nemi jawabi ba.)

Bayan la'asar aka hallara a babban tsakar gidan, an kafa rumfa, maza gefe, mata gefe a kan tabarmi, dangin ango daga Dudunni sun cika layin gaba. An kawo Baba Iro daga Bauranya, tsohon abokin tafiyar Kawu, wanda suka shekara da shekaru suna karɓa-karɓar sitiyari, yanzu yana dogara sanda. Na sha babbar riga, na ɗora garmahon a kan tebur, mai kayan sauti ya kara masa makirfo ɗaya ya miƙo mini ɗaya. Na zaro takarda shafi uku daga aljihu.

Na fara da tekun da aka tsallaka da bayi. Na bi ta kan tsibirai ɗaya bayan ɗaya kamar ina aji. Na ga mutane sun yi tsit, na ɗauka ilimi ne ke ratsa su. Daga nan na iso kan Gimbiya, kuma a nan ne bakina ya fi ƙarfina. Na ce wannan baiwar Allah ita ce ta sace zuciyar Kawu a ƙasar waje. Na ce in ya dawo daga tafiya yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa, daga shi sai muryarta. Na ce duk cikin fayafansa nata kaɗai ya naɗe a zane ya ɓoye a ƙarƙashin gado, don haka kowa ya auna matsayinta a wajensa.

Ni a ganina yabon ɗanɗanon Kawu nake yi. Sai daga baya na gane abin da kunnuwan mutane suka ji: na tsaya a gaban sababbin surukai, ranar auren 'yarsa, matarsa na zaune, na sanar ta lasifika cewa marigayin ya mutu da son wata mawaƙiya. Matan sun juya gaba ɗaya suna kallon Inna. Dije ta sunkuyar da kai cikin mayafi. Baba Iro ya karkato da kunne, ya tambayi na kusa da shi da ƙarfi, irin na mai nauyin ji, wace mata ce ake magana. Na yi masa murmushi na ce yanzu zai ji ta, na ɗora allura.

Ta cikin manyan lasifikoki abin ya fi muni, ko kuma dai ranar na fara jin sa da kunnen wasu. Wata tsohuwa daga dangin ango ta tambaya ko na'urar lafiya take. Baba Iro ya haɗe gira yana kallon tebur. Ni kuwa na lumshe ido ina kaɗa kai, ina ɗaga yatsa duk inda Gimbiya ta haura.

Da na buɗe ido sai na ga Inna Rabi ta taso daga cikin mata. Ba ta yi sauri ba. Ta ratso tabarmi, ta gyara mayafinta, ta zo ta tsaya a gaban teburin ba tare da ta kalle ni ba. Ta sa yatsa ɗaya ta tura ɗan maɓallin nan daga dama zuwa hagu.

Kiɗan ya yi wani irin nishi, ya sauko, ya zauna. Gudun nan duk ya tafi, ashe maɓallin na saurin juyawar faifai ne, ba na ƙarfin sauti ba. Ganguna suka koma suna taku ɗai-ɗai da nauyinsu, ƙahonin da a da suke tsiwa suka buɗe murya, faɗi da zurfi. Sai aka zo wajen waƙa. Gimbiyata ta buɗe baki, sai ga muryar namiji, ƙato, mai ɗan kaushi a maƙogwaro irin na wanda ya sha duniya. 'Yan matan amshi su ma duk suka zama maza.

“Babban faifai hagu ake kai shi,” in ji Inna, a hankali, amma makirfon da ke kan teburin ya kai maganar har ƙofar gida. “Shekara ashirin da biyar na yi ina goge garmahon ga, mai shi na raye. Mace ba ta taɓa waƙa a ɗakin Malam ba.”

Ta juya ta koma wurinta. Sai wani daga bayan rumfa ya kasa riƙe dariya, daga nan kuma gidan ya ɗauka. Matan Dudunni har da riƙe ciki. Na so in kashe makirfon hannuna, na rasa inda ake kashewa, ina ta jujjuya shi, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne “Ashe,” shi ma lasifika ta raba wa kowa. Takardata shafi uku tana hannuna, gumi ya jiƙa ta. Ga babbar riga, ba ta gudu ba ce.

Baba Iro ne ya tsayar da dariyar, ba don ya cece ni ba, don yana so ya ji. Ya ɗaga sandarsa aka yi shiru. Ya sa aka miƙo masa kwalin, ya kai shi kusa da ido, ya ɗora yatsa a kan wani mai gashin baki a tsakiya ya ce ga mai waƙar nan. Ya ba da labarin yadda suka samo faifan: suna jiran lodi a bakin tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kwana shida, wani mai shago yana sa shi kullum da hantsi. Kawu ya tsaya cak a ƙofar shagon ya ce wa Baba Iro ya saurari yadda ɗaya ke bayarwa sauran na amsawa, ai irin na makaɗan gayya ne a gonakin Sukuntuni, waɗannan mutane ko ina aka kai su danginmu ne. Ranar da za su taso ya ƙi barin garin sai da mai shagon ya sallama masa shi.

Baba Iro bai san sunan ko ɗaya daga cikin mutanen ba, bai san ma'anar kalma ɗaya ba. Amma ya san kowace kusurwa ta faifan. Kafin mai kuge ya shigo sai ya ɗaga hannu, sai ga kugen. Ya ce a saurari 'yan sandunan nan biyu da ake bugawa can ƙasa-ƙasa, uku sannan biyu, su ne ke riƙe da kowa, in mai su ya kuskure duk ƙungiyar ta watse. Ya nuna inda mai fiyano ke maimaita abu ɗaya ba gajiya don ya ba mai ganga fili ya yi magana, da inda masu busa ke ja da baya su bar mawaƙin shi kaɗai. Ni da na yi wata uku ina koyar da faifan, ban taɓa jin sandunan nan ba. A gudun da nake sa shi, komai ya cakuɗe ya zama hayaniya.

A waƙa ta uku, wata mai sanyi, na ga Inna ta jawo Dije jikinta tana yi mata magana a kunne. Daga baya matata ta faɗa mini abin da ta ce: wai in Kawu na wanke mota yakan bi waƙar nan da baki, kalmomin duk nasa ne na ƙirƙira, amma muryar kusan ɗaya ce da ta mutumin, in tana so ta san muryar babanta to ga ta nan. Dije ta yi kuka sosai, Baba Iro ma ya goge ido da bakin rawani. Ni na samu na sulale bayan rumfa na tsaya kusa da janareta, inda ba mai son tsayawa. A nan na tuna cewa da Inna ba ta taso ba, da yarinyar nan ta tafi gidan miji da muryar da ba ta kowa ba ce a matsayin abin tunawa da mahaifinta, da kuma ƙaryar da na laƙa masa.

Kafin Litinin labari ya riga ni isa Kankia. Na shiga ofishin malamai na tarar an rubuta 45 da alli a kan teburina. Malamin lissafi ya yi mini ta'aziyyar Gimbiya da fuska a murtuke, ya ce Allah Ya sa kunyarta ta bi ta.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya komawa Kusada. Na je da garmahon da faifan a naɗe cikin zanensa, na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na ce na zo neman gafara, a kan abin da na faɗa game da Kawu, da kuma rashin kunyar da na yi mata ita kanta. Ta ce Malam ba abin da zai dame shi, shi ma mutum ne mai son dariya, da yana nan da ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Nata kuma ta yafe. Ta karɓi kayan ta ajiye a ɗakinta, ta ce amma ita tsoron allurar take, hannunta ya fara rawa, in na samu sarari in riƙa zuwa ina sa mata.

“Sai dai da sharaɗi,” in ji ta. “In ka sa, ka zauna. Kada ka yi bayani.”

Yanzu kusan kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ina can. Fuska ɗaya ta faifan takan ci kamar minti ashirin, kuma ina tabbatar muku, ga malamin makaranta minti ashirin baki a rufe ya fi jarrabawa wuya. Makonnin farko har cizon leɓe nake yi. A mako na huɗu ne, ina zaune shiru ba yadda zan yi, na fara jin ƙatuwar gogen nan tana tafiya a ƙarƙashin komai, a hankali, kamar mai ɗauke da sauran a kafaɗa. Na juya da sauri zan faɗa wa Inna, ta ɗaga mini gira, na haɗiye.

Darasin da na samu ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada a gaban garuruwa biyu: kunnuwana lafiyarsu ƙalau, bakina ne yake toshe su. In kun gan ni a taro na yi shiru, kada ku ɗauka hankali na ƙara. Horo nake kan yi, kuma har yanzu Inna ba ta ce na ci ba.